Garin Neman Gira: Wa Ya Ba Mu Iznin Sauya Fuskokin Kakanninmu?

Hausawa na cewa garin neman gira akan rasa ido. Mun daɗe muna jin wannan karin magana a bakin manya, amma ba mu taɓa ganin ta ƙuru-ƙuru a gabanmu ba sai a 'yan shekarun nan, da wani sabon yayi ya shigo garuruwanmu na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wato yayin kwasar tsofaffin hotunan iyaye da kakanni a kai wa masu kwamfuta domin wai a gyara su. Mun yi ta kawaici muna cewa yayi ne, zai wuce kamar yadda na gabansa suka wuce. To amma da muka ga abin kullum gaba yake yi, har ya biyo mu cikin aji inda muke neman abincinmu, sai muka ga shirun ya isa haka nan. Tun da wannan mujalla ta marubuta ce, su kuwa marubuta su ne aka ɗora wa nauyin adana abin da al'umma za ta tuna gobe, nan ne ya dace mu kawo ƙararmu.

Bari mu faɗi matsayinmu tun daga farko, kada mai karatu ya wahala wajen lalube. Mun yarda a gyara takardar da hoto yake kai, a kwafe shi, a adana shi, har ma muna roƙon a yi haka da gaggawa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a taɓa mutumin da ke cikin hoton, a sauya masa fuska ko launin fata ko sutura ko wurin da ya tsaya, sannan a miƙa wa jikokinsa a ce ga kakanku. Wannan shaidar zur ce a kan wanda ba ya da bakin kare kansa, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi ta.

Abin Da Ya Faru A Ajinmu

A zangon karatun da ya wuce mun ba ɗalibanmu na babban aji wani aikin gida wanda muke jin daɗin bayarwa kowace shekara. Muka ce kowa ya je ya nemo hoton da ya fi tsufa a gidansu, ya zauna da wani tsoho ko tsohuwa ya tambayi labarin hoton, ya rubuto mana shafi guda. A da, abin da ake kawo mana shi ne 'yan katunan baƙi da fari waɗanda suka yi jajajja, gefensu ya lanƙwashe, wani ma gara ta ɗanɗana shi. A wannan karon kuwa sai ga yawancin yara da manyan hotuna masu sheƙi, launi raɗau, kamar jiya aka ɗauke su. Muka jera su a kan tebur muna dubawa, sai wani abu ya ɗaure mana kai. Mutanen da ke cikin hotunan nan ba dangi ba ne, wasu ma ba garinsu ɗaya ba, amma sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su, domin dukkansu fatarsu sumul take, hancinsu ya miƙe, idanunsu na ƙyalli, kuma babu baƙi ko ɗaya a cikinsu.

Ɗaya daga cikin yaran, wanda asalinsu mutanen ƙasar Shinkafi ne, shi ya rubuto abin da ya hana mu barci. Kakansa Bagobiri ne, ya zo Ƙaura yana saurayi ya yi aikin lodin gyaɗa a tashar jirgin ƙasa, kuma hoto ɗaya tak ya bari a duniya. Wan yaron ya ɗauki hoton ya kai wani shago, aka yi masa aiki, aka sa a firam, aka kawo wa tsohuwa domin a faranta mata rai. Ta karɓa ta kai shi kusa da idonta, ta juya shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanga yaro ɗan wa na? Ina askar Malam? Mi kunka yi mai?" Suka ce, "Inna, shi ne fa, gyara shi aka yi." Ta miƙa musu ta ce su kawo mata nata na da. Da aka koma shagon, mai shago ya ce ai bai san ana son tsohon ba, ya haɗa shi da tarkacen takardu an share. Tsagar Gobirci da ke kumatun mutumin nan, wadda matarsa ta yi shekaru tana kallo, ta tafi ke nan, kuma babu wata na'ura a duniya da za ta dawo da ita. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa.

Yadda Na'urar Ke Aiki

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa a cikin wayar nan ko kwamfutar nan, domin yawancin masu kai hoto da ma masu karɓar aikin ba su sani ba. Gyaran hoto da kwamfuta ba sabon abu ba ne, manhajar Photoshop tun 1990 ta fito. Mai aiki da ita yakan zauna da hannunsa ya cike tsagewar takarda, ya share tabon ruwa, yana kallon abin da yake yi, in ya yi ɓarna ya san ya yi. Abin da ya sauya al'amarin shi ne shigowar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Remini, waɗanda yaro zai danna sau ɗaya, kafin ya ƙifta ido fuska ta fito tangaran.

Daga ina wannan fuskar ta fito? An horar da manhajar ne da ɗimbin hotunan fuskokin mutane, har ta riƙe yadda ido da hanci da leɓe suka saba kasancewa. Idan ka ba ta hoton da ya dushe, ba ta da hanyar ganin abin da ya ɓace, saboda ya riga ya ɓace. Sai ta yi kintace, ta zana fuskar da ta fi kama da waɗanda ta saba gani. Mu malaman makaranta mun san irin wannan ɗalibi sarai, wanda bai san amsa ba amma ba zai bar takarda fara ba, sai ya cika ta da kyakkyawan rubutu na abin da ya ga dama. Mai dubawa in ba ya lura sai ya ba shi maki saboda kyan hannu.

Idan kuwa fuskokin da manhajar ta koya da su ba irin namu ba ne, to kintacenta ma ba zai zama namu ba. An ga haka a fili a watan Yuni na 2020, lokacin da wani ya ɗauki hoton tsohon shugaban Amurka Barack Obama wanda aka dusashe da gangan, ya ba wata manhaja mai suna PULSE da masu bincike a Jami'ar Duke suka ƙirƙiro. Sai ga ta ta fito da fuskar wani Bature fari fat. Idan an yi wa mutumin da duk duniya ta san fuskarsa haka, ina ga leburan gyaɗa na tashar Ƙaura? Na'urar ba ta san wanzami ba, ba ta san tsaga ko bille ba. Da ta ga layuka a kumatu sai ta ɗauka takarda ce ta karce, ta share su.

Haka zancen launi yake. Hoton baƙi da fari bai adana launi ba ko kaɗan, haske da duhu kurum ya riƙe. Jar dara da baƙar hula duk duhu suke fitowa. Rigar saƙi da ta sha baba, da rigar tsamiya, da barage, da rawanin ɗan Kura mai ƙyallin shuni, na'urar ba ta san sunan ko ɗaya ba balle launinsa. Sai ka ga an sa wa dattijo riga mai ruwan hoda, ko an mai da zanen saƙi kamar leshin bikin bana. Wanda ya san tufafin da kuwa ya san cewa launin riga da irin rawani su ke gaya maka ko mutum basarake ne, ko malami, ko attajiri, ko talaka ne da ya aro kaya domin ranar hoto.

Laifin Ba Na Na'ura Kaɗai Ba Ne

Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da ɓarnar ta tsaya a kintacen na'ura, da sai mu ce jahilci ne, wayar da kai zai magance shi. Amma mun zauna a irin waɗannan shaguna mun ji da kunnenmu abin da masu kawo hoto ke faɗa. Wannan ya ce a ɗan haska masa baba, ya yi duhu da yawa. Wancan ya ce a cire bangon ƙasa da rumbun da ke bayan kakansa a sa masa gidan bene ko labulen fure. Wani ya ce a naɗa wa tsohonsa rawani, alhali duk unguwa an san mutumin bai taɓa naɗa rawani ba sai ran Idi. Wani ya ce a cire kishiyar uwarsa daga hoton, wani kuma ƙanen uban da aka yi rigimar gado da shi. Akwai ma wanda zai ce a share zanen fuskar da gangan, wai don kada abokansa su yi masa dariya.

To jama'a, me muke jin kunya? Bangon ƙasan nan shi ya rufa wa uwarka asiri ta haife ka. Rumbun nan shi ya ciyar da ubanka har ya kai ka makarantar da ka koyi danna waya. Baƙar fatar nan ita ce a jikinka in ka cire man da kake shafawa. Mun daɗe muna kuka da man bilicin da ke cinye fatar 'ya'yanmu mata, ashe ba mu ga komai ba, yanzu har matattu muke bi kabari muna shafa musu.

Maganar zanen fuska tana buƙatar a tsaya a kanta, domin kada a juya mana magana. Ba muna kira a koma yi wa jarirai tsaga ba ne. Al'adar ta ja baya, kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta hana. Amma wannan shi ne ma ya sa hotunan suka ƙara daraja. A yankin nan namu, inda Zamfarawa da Gobirawa da Fulani Alibawa da Katsinawa suka cakuɗa shekaru aru-aru, fuskar mutum ita ce takardar shaidarsa. Da ita ake gane inda ya fito, da ita Bayarabe ma'aikacin reluwe zai hango Bagobiri ya fara yi masa wasan taubasai tun kafin su gaisa. Nan da shekaru kaɗan masu ɗauke da wannan zane a jikinsu za su ƙare, ba za a ƙara ganinsa ba sai a hoto. Idan muka share shi a hoton ma, mun rufe littafin ke nan mun jefa shi rijiya.

Akwai wata magana mai nauyi wadda ba za mu tsallake ba don tsoron tsegumi. Wasu kan kai hoton kakarsu da aka ɗauka shekaru sittin ko saba'in da suka wuce, tana sanye da zane da gyale ko ɗan kallabi, kitsonta a waje, su ce a sa mata hijabi irin na yau. Mun san kishin addini da kunya ne suka kawo haka, kuma ba mu raina su ba. Amma in kana ganin bai dace baƙi su ga kakarka a haka ba, hanya a buɗe take: ka bar hoton a cikin adaka, muharramanta kaɗai su gani. Addinin da ya umurce mu da sutura shi ne kuma ya hana mu ƙarya. Ba a gyara wa mamaci aikinsa da kwamfuta, addu'a da sadaka ake yi masa.

Duniya Ta Riga Mu Ganin Wannan

Kada a ɗauka mu ne muka fara kuka. A zamanin Stalin na Tarayyar Sobiyet, akwai wani sanannen hoto da aka ɗauke shi yana tafiya a bakin ruwa tare da shugaban 'yan sandan asirinsa Nikolai Yezhov. Bayan an kashe Yezhov a 1940 sai aka sake fitar da hoton babu shi, ruwa kawai ake gani a inda ya tsaya. Duk wanda ya karanta tarihi yana tir da wannan, amma mene ne bambancinsa da cire kishiya daga hoton suna, in ban da cewa wancan gwamnati ce ta yi, wannan kuwa ɗan gida ne?

Na kusa-kusa kuma shi ne abin da ya faru a watan Afrilu na 2021. A gidan yarin Tuol Sleng da ke ƙasar Kambodiya, gwamnatin Khmer Rouge da ta yi mulki daga 1975 zuwa 1979 takan ɗauki hoton fursunoni kafin a kashe su. Wani mai sana'ar sanya wa tsofaffin hotuna launi ya ɗauki wasu daga cikinsu ya yi musu aiki, har ya ƙara wa wasu murmushi a fuska, mujallar Vice ta buga. Mutanen ƙasar da hukumominsu suka yi ca, dole aka janye. Sun gane cewa sanya murmushi a fuskar wanda ke jiran mutuwa cin mutuncinsa ne karo na biyu. Mu kuwa da kuɗinmu muke biya a yi wa namu, har da manhajojin da ke sa hoton mamaci ya motsa kai yana ƙifta ido, irin wadda kamfanin MyHeritage ya fitar a 2021, mu tura wa dangi muna murna.

Ba sai mun je Turai neman ƙa'ida ba ma, tana nan a zaurukanmu. Malaman da suka kwafi littattafai da hannu a ƙasar nan, idan suka iske wurin da tawada ta goge ko gara ta ci, sukan bar gurbin fari, ko su rubuta abin da suke zato a gefen shafi, nesa da matani, domin mai karatu ya bambance maganar mawallafi da ta mai kwafa. Masana hadisi kuwa sun ƙarar da rayuwarsu wajen tace kalmar da mai ruwaya ya cusa a cikin abin da ya karɓo. Al'ummar da ta gaji irin wannan tsantseni bai kamata a same ta tana cusa wa kakanta hancin wani ba.

Amsa Ga Masu Ja

Mun tattauna wannan batu da mutane da dama, kuma mun ji hujjojinsu. Za mu kawo su yadda suke, ba za mu rage musu ƙarfi ba.

Na farko sukan ce ai masu hoton da ma suna gyara. Gaskiya ne. Akwai labule mai zanen bene ko jirgin sama, akwai agogo da rediyon aro, akwai mai hoton da ke shafa fensir a jikin fim ya rage ƙuraje. Shahararren mai hoton nan na Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye irin waɗannan kaya domin masu zuwa ɗaukar hoto su riƙa. Amma a lura, mai hoton yana raye a lokacin. Shi ya zaɓi rigar, shi ya ɗaura agogon, shi ya karɓi hoton ya duba ya biya. Agogon aron ma shaida ce, tana gaya mana abin da saurayin wancan zamani yake buri. Abin da mutum ya zaɓa wa kansa daban, abin da jikansa ya ƙaƙaba masa bayan ƙasa ta rufe masa ido daban.

Na biyu sukan ce kakana ne, hotona ne, ina ruwan wani? To ai ba kai kaɗai ka gaje shi ba. Yana da 'ya'ya da jikoki a Gusau da Sakkwato da Maraɗi, yana da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Da ka tura gyararren hoton a WhatsApp na dangi, cikin kwana ɗaya ya shiga waya hamsin, a ranar sadakar arba'in a buga shi a kalanda, na ainihin kuwa guda ɗaya ne yana kwance a ƙasan akwati. Bayan shekara ashirin wanne za a sani? Mun ga misalin wannan a kan wanda ya fi kakanninmu shahara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, ba a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga duniya ba sai a 1839 a birnin Faris, amma ga hotuna nan suna yawo a wayoyi ana cewa nasa ne, kuma ɗalibanmu suna gardama da mu a kai, hujjarsu ita ce sun gani da idonsu. An ce gani ya kori ji, to yanzu ganin ne ya zama abin tuhuma. Ba za mu yi mamaki ba in gobe wani ya fito da hoton Namoda kansa a kan doki, mutumin da ya yi zamani da Shehu.

Na uku sukan ce hotunan lalacewa suke yi, in ba a yi haka ba za a rasa su gaba ɗaya. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun san gara, mun san damina da ɗakin ƙasa, mun san gobara. Fiye da haka, mun san abin da ya sami ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da kewayen Ƙaura a shekarun nan na 'yan bindiga, inda mutane suka fita da dare da kayan jikinsu kurum, aka ƙone gidaje da abin da ke cikinsu. Iyalai da yawa ba su tsira da hoto ko ɗaya ba. Amma wannan dalili ne na a yi hanzarin kwafar hoton yadda yake, a rarraba wa dangi a garuruwa daban-daban. Idan shaidu suka yi ƙaranci, wanda ya rage ai ƙara tsare shi ake yi, ba a koya masa ƙarya. Kuma kada a dogara da waya ita kaɗai, domin ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, kowa ya riƙe wayarsa kamar guntun katako. Waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, takarda kuwa in an kula da ita takan wuce shekara ɗari.

Na huɗu sukan ce yaran nan masu shago abincinsu suke nema, a wannan marra ta rashin aiki. Ba mu zo tsone wa kowa ido ba, da yawansu ma ɗalibanmu ne na jiya. Abin da muke cewa shi ne aikin gaskiya ma yana da kuɗi. Kwafa mai kyau, da cike tsagewa da hannu, da buga wa dangi kwafi goma, duk sana'a ce. Tela ma yana cin abinci da ƙwaƙwa, amma bai taɓa yanke wa mai riga hannu don rigar ta zauna daidai ba.

Abin Da Muke Kira A Yi

Ga masu hoto a gida, kada ka bar na ainihi ya kwana a shagon kowa. Ka tsaya a kwafa a gabanka ka karɓi abinka. Kada ka yarda a manne shi da leda mai zafi, domin in an manne ba ya ɓantaruwa sai da fuskar hoton. Ka sa shi a ambulan, a cikin adaka, nesa da danshi da rana. Sannan ka yi abin da ya fi duk wannan muhimmanci, wanda ba ya cin ko kwabo: ka zauna da tsohuwar gidanku yau, ba gobe ba, ta gaya maka su wane ne a ciki, a ina aka ɗauka, a wane sha'ani, zamanin wane sarki, ka rubuta da fensir a bayan hoton ko a wata takarda ka haɗa su. Hoton da ba a san mai shi ba maraya ne.

Ga masu shago, ku ba mai hoto kwafi na farko wanda ba a taɓa komai a jikinsa ba. In ya nace sai an sa launi ko an fito da fuska, ku gaya masa gaskiya cewa kintace ne, ku rubuta a ƙasan hoton cewa an yi masa aikin kwamfuta, da shekarar da aka yi. Zanen fuska da launin fata da mutanen da ke ciki kuwa, ku ce ba ku taɓawa, ko nawa za a ba ku.

Ga mu marubuta kuma, wanzami ba ya son jarfa, amma dole mu faɗa wa kanmu. Mu ne muke ɗora irin waɗannan hotuna a bangon littattafan tarihin sarakuna da malamai da makaɗa, mu ne muke cika mujallu da su ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba. Abin da aka buga a littafi kuwa shi ɗalibi zai ɗauka hujja. Ya kamata ƙungiyarmu ta sa wa kanta doka cewa duk hoton tarihi da za a buga a faɗi inda aka samo shi da abin da aka yi masa. Ya kamata kuma rassanmu su shiga gari gida-gida, da iznin masu abin, su kwafi abin da ya rage. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929, garin ya zama ƙarshen layin dogo, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa bi ta nan. Ina hotunan tashar, da na 'yan kwadago, da na ma'auna? Ina na kasuwar Shinkafi a lokacin da take cika ta batse da fatake daga Nijar? Ina na hawan salla a Zurmi, da na 'yan makarantar farko, da na ranar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996? Suna nan a cikin kwalla da akwatunan tsofaffi, kuma kullum raguwa suke yi. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙaura tun 1983, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Arewa House a Kaduna, duk wurare ne da za a iya neman haɗin kansu. A kudancin ƙasar nan mutum ɗaya, J.D. Okhai Ojeikere, ya ɗauki hotunan kitson mata kusan 1,000 tun daga 1968, yau duniya na zuwa kallo. Mu da muke ƙungiya guda, me zai hana mu?

Shi dai yaron nan ɗan ajinmu mun ba shi makinsa cikakke, domin ya rubuta gaskiyar abin da ya faru bai rufa wa wansa asiri ba. Ya gaya mana firam ɗin yana nan rataye a ɗakin wan nasa, tsohuwa kuwa ta hana a shigar mata da shi ɗaki. Mun ba shi shawara ya koma wurinta da takarda da fensir, ta kwatanta masa tsagar layi-layi, guda nawa ce a kowane kunci, daga ina ta tashi zuwa ina, ya zana ya rubuta sunanta da ranar da ta faɗa. Abin da ya rage ke nan a yi, kuma ya fi firam ɗin gaskiya.

Ra'ayi riga ne, kowa da irin tasa. Wanda yake ganin mun yi kuskure, ga fili ga mai doki, shafukan mujallar nan a buɗe suke, sai dai muna roƙon ya zo da hujja. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.